YABON MUTANE DA KYAUTAR UBANGIJI: DARASI DAGA RAYUWAR SHEHU USMANU ƊAN FODIYO

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake suturta aibin bayinSa, Yake bayyana kyawunsu. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, gaisuwa irin ta Musulunci ga shehunai da muƙaddamai, da malamai da alarammomi, da iyaye maza da mata, da dukkan muridai waɗanda suka taso daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar domin halartar wannan taro mai albarka na shekara-shekara. 

GABATARWA

Taro irin wannan taron ƙauna ne, ita kuwa ƙauna harshenta yabo ne. Muridi yana yabon shehinsa, almajiri yana yabon malaminsa, mutanen gari suna yabon wanda ya gina musu masallaci ko ya haƙa musu rijiya. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a irin wannan zama: shi wanda ake yabo ɗin, wane hali yake ciki? Me ya kamata ya yi da maganganun da ake faɗa a kansa, musamman idan sun zarce abin da ya sani game da kansa? Sannan me ya kamata ya yi da alherin da Allah Ya gudanar ta hannunsa da gaske?

Wannan jawabi zai dubi waɗannan tambayoyi ta hanyar rayuwar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (R.T.A), domin shi mutum ne da aka kambama har aka kai shi inda bai yarda ba, kuma mutum ne da ya ambaci baiwar da Allah Ya yi masa da bakinsa da alƙalaminsa.

MATSAYIN YABO A SHARI'A

Hadisai sun zo ta fuska biyu a kan wannan al'amari. A cikin Bukhari da Muslim, ta hanyar Abu Bakrata (R.A), wani mutum ya yabi wani a gaban Manzon Allah (S.A.W), sai Manzo ya tsawata masa, ya kamanta abin da ya yi da yanke wuyan abokinsa, sannan ya koya masa cewa idan lalle sai ya yi yabo, to ya tsaya a kan zatonsa, ya bar wa Allah sanin haƙiƙa. Imamu Muslim kuma ya fitar da hadisin Miƙdadu ɗan Aswad (R.A) wanda ya yi umarni da watsa ƙasa a fuskokin masu sana'ar yabo. Shi kansa Manzo (S.A.W) ya hana a wuce gona da iri wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa Annabi Isa (A.S).

A ɗaya fuskar kuma, a cikin Muslim ɗin dai, Abu Zarri (R.A) ya ruwaito cewa an tambayi Manzon Allah (S.A.W) game da mutumin da ya aikata alheri, mutane suka yaba masa, sai ya bayyana wannan yabo da cewa bushara ce ta gaggawa ga mumini. Ayar ƙarshe ta Suratul Duha kuwa umarni ce da a ba da labarin ni'imar Ubangiji.

Hujjatul Islam Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira (1111), ya tattara illolin yabo guda shida a cikin Ihya'u Ulumid Din. Huɗu suna komawa ga mai yabo: yana iya zuzutawa har ya faɗa ƙarya, yana iya nuna ƙaunar da babu ita a zuciyarsa, yana iya faɗin abin da bai tabbatar ba, kuma yana iya faranta ran azzalumi. Biyu suna komawa ga wanda aka yaba: girman kai da jiji da kai, sai kuma sanyin jiki, wato ya ga kamar ya riga ya isa, ya sassauta wa aiki. Idan yabo ya kuɓuta daga waɗannan illoli, Gazali bai ga laifinsa ba. Ashe kenan yabo zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

CUTA BIYU DA KE KAMA WANDA AKE KAMBAMAWA

Cuta ta farko sananniya ce. Mutum ya ji ana cewa addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, ana cewa an gan shi a Arfa alhali yana gida, ana jingina masa karamar da bai san da ita ba, sai ya yi shiru domin abin ya yi masa daɗi. Yau da gobe sai ya gaskata. Daga nan ba zai iya cewa bai sani ba idan an tambaye shi, ba zai iya zama a gaban wani malami ya buɗe littafi ba, ba zai karɓi gyara ba. Ya ɗauki Dala ba gammo, kuma shi ya ɗora wa kansa.

Cuta ta biyu ɓoyayyiya ce, domin takan shigo cikin rigar tawali'u. Mutum ne Allah Ya ba shi ilmi ko hadda ko iya sulhu tsakanin jama'a. Da yake ya ga mutane suna faɗin abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ya san zunubansa da gazawarsa, sai ya yanke cewa duk abin da ake faɗa ƙarya ne, har da wanda yake gaskiya. Yana jin kansa kamar mayaudarin da asirinsa zai tonu gobe. A ce ya ja salla, ya ja da baya. A ce ya buɗe karatu, ya ce shi ba kowa ba ne. A ba shi muƙaddamanci, ya gudu. Mutane suna ganin wannan ƙanƙan da kai ne, alhali a ƙarƙashinsa akwai tsoron mutane, akwai kuma musun abin da Allah Ya bayar. Asarar ba ta tsaya a kansa ba, domin gurbin da mai ilmi ya bari, wanda bai kai shi ba ne zai cike shi.

Duka cututtukan biyu tushensu ɗaya ne: mutum ya bar auna kansa da ma'aunin gaskiya, ya koma auna kansa da bakin mutane. Na farko ya haɗiye duk abin da aka ba shi, na biyu ya zubar da duka. Maganinsu shi ne tacewa, kuma a nan ne rayuwar Shehu take ba da haske.

ABIN DA SHEHU YA ƘI KARƁA

An haifi Shehu Usmanu a Maratta cikin ƙasar Gobir a shekarar 1754, ya tashi a Ɗegel, ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774. Kafin a daɗe sunansa ya game Gobir da Zamfara da Kabi. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi dukiyar ba. Maimakonta ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Wannan ya ƙara masa ƙima a idon jama'a fiye da da.

Zamanin kuma zamani ne na jiran Mahadi. Shekara ta 1200 bayan Hijira ta faɗo a 1785 zuwa 1786, mutane da yawa suna sa ran bayyanarsa a farkon sabon ƙarni. Da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yunin wannan shekara, sannan Alƙalawa ta faɗi a 1808, sai zance ya bazu cewa ai Shehu shi ne Mahadin da ake jira. Masu faɗin haka masoyansa ne, kuma da ya yi shiru, da maganar ta ƙara masa mabiya da kwarjini.

Shehu bai yi shiru ba. A shekarar 1814 ya rubuta littafi mai suna Tahzirul Ikhwan, domin gargaɗin 'yan'uwa game da da'awar Mahadiyanci, ya bayyana ƙarara cewa shi ba Mahadi ba ne. Hujjar da ya kafa ta ilmi ce: ruwayoyin da ya dogara da su sun siffanta Mahadi da suna da nasaba da wurin haihuwa, shi kuwa a Maratta aka haife shi, a ƙasar baƙar fata. Ya ɗora siffofin a kan kansa, ya ga ba su dace da shi ba, ya faɗa wa jama'a haka, ya kuma rubuta domin kada a canza bayan ransa.

Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a cikin Infaƙul Maisuri cewa idan Shehu zai fita wurin jama'a domin wa'azi, yakan ɗan tsaya a gefe cikin gida, ya yi wasu kalmomi, sannan ya fita. Da Bello ya tambaye shi, sai ya sanar da shi cewa niyya yake sabuntawa, yana ɗaukar wa Allah alkawarin yin ikhlasi cikin abin da zai fita dominsa. Dubban mutane suna jiransa a waje, shi kuwa yana tsaye a lungu yana binciken zuciyarsa. Wanda ya saba da wannan tsayuwa, kirarin taro ba ya ɗaukarsa.

ABIN DA SHEHU YA KARƁA

Ya ku 'yan'uwa, da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce darasin shi ne mutum ya musanta duk wani matsayi. Amma wannan Shehun da ya ƙi a kira shi Mahadi, shi ne ya rubuta ɗan littafin da aka sani da Lamma Balagtu, inda ya ba da labarin buɗin da Allah Ya yi masa yana da shekara talatin da shida, da kuma abin da ya gani yana da shekara arba'in da 'yan watanni, wajen 1794, lokacin da Sidi Abdulƙadir Jilani (R.T.A) ya rataya masa takobin gaskiya a halarar Manzon Allah (S.A.W). Haka kuma a waƙar da Hausawa suka sani da Sifofin Shehu, ya lissafa wuraren da Allah Ya sa rayuwarsa ta yi kama da ta Manzo (S.A.W), yana mai godiya a kan haka. A Gudu, da jama'a suka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, ya ɗauki nauyin.

Misali mafi bayyana yana cikin Najmul Ikhwan, wanda ya rubuta a 1812. A can ya kwaɗaitar da mutane su karanta littattafan malaman zamaninsu, domin su suka fi sanin matsalolin lokacinsu. Ya ambaci ƙaninsa Malam Abdullahi da cewa ya fi mai da hankali ga kiyaye zahirin shari'a, ya ambaci ɗansa Bello da cewa ya fi mai da hankali ga siyasar al'umma, sannan ya ambaci nasa littattafan, ya ce shi yana kula da ɓangarorin biyu. Bai tsallake kansa ba don kunya. Amma nan take ya mayar da abin ga asalinsa, ya nuna cewa duk rubuce-rubucensu bayani ne na abin da magabata suka dunƙule, na magabata kuma bayani ne na Alƙur'ani da Sunna.

A lura da yadda ma'aunin yake aiki. An ce masa Mahadi, ya duba, ba haka ba ne, ya ƙi. Ya san Allah Ya ba shi ilmin da jama'a ke bukata, ya duba, haka ne, ya faɗa, ya nuna inda ya samo. Gaskiyar da ta hana shi karɓar na farko ita ce ta hana shi musun na biyu. A shekarar 1812 ɗin ce kuma ya raba tafiyar da mulki tsakanin Abdullahi da Bello, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu a Sifawa, daga baya ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817.

MA'AUNIN MAGABATA

Shehu bai ƙirƙiro wannan hanya ba. Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda Annabi Yusufu (A.S) ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya siffanta kansa da tsaro da sani. Fari na tafe, rayuka na cikin haɗari, ya san zai iya, don haka ya faɗa. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin mutum ya ambaci cancantarsa idan akwai bukata.

An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar Siddiƙu (R.A) idan an yabe shi, yakan roƙi Allah Ya sa ya fi yadda ake zatonsa, Ya gafarta masa abin da mutane ba su sani ba, kada kuma Ya kama shi da abin da suke faɗa. Bai tsaya jayayya da mai yabo ba, ya juya yabon ya zama addu'a da ƙarin himma.

Ibnu Aɗa'illah, mutumin Iskandariyya, wanda ya rasu a 709 bayan Hijira (1309), ya yi bayani a cikin Hikam cewa mutane a kan zato suke yabon bawa, shi kuwa yana da yaƙini game da kansa, kuma babban jahilci ne a bar yaƙini a bi zato. Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma a cikin Hikam ɗin dai ya bambance tsakanin masu zuhudu da arifai: masu zuhudu idan an yabe su sukan takura, domin daga halitta suke ganin yabon, arifai kuwa sukan sake, domin suna ganinsa daga Sarkin gaskiya. Takura matsayi ne mai kyau ga mai farawa, amma tafiya ba ta ƙare a nan ba.

Imamu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira (1505), kuma wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa, ya sa masa suna Attahaddusu bi Ni'imatillah, ya lissafa malamansa da littattafansa a ciki. Sunan littafin kaɗai ya isa nuna niyyar.

DARASI GA MUTANEN ƘASAR GUMEL

Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel sun fi kowa sanin wannan ma'auni, domin da shi suke rayuwa. Duk wanda ya shiga kara a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san aikin dillali. Zai kuranta bijimi har mai shi ya ji kamar bai taɓa ganinsa ba. Amma kirarin dillali ba ya ƙara wa bijimi tsoka, kuma mai kiwon da ya san dabbarsa ba ya ruɗuwa. Haka nan idan wani ya zo yana kushe ta domin ya karya farashi, ba ya yarda, domin shi ya ba ta dusa da harawa wata da watanni. Ya san ƙimarta, ba ƙari ba ragi.

A dubi manomin Gagarawa ko na Sule Tankarkar bayan kaka. Ya san ruwa ba nasa ba ne, domin a wannan yanki da damina ke gajarta, kowa ya ga shekarar da aka yi shuka ta bushe. Ya kuma san shi ya yi sharar gona, ya kai taki, ya yi noman fari da maimai. Idan gero ya yi kyau, dole ya tsaya ya ƙirga dammansa, domin sai da ƙirga zai san ko ya kai nisabi, ya fitar da ɗaya cikin goma. Manomin da ya ce shi bai samu komai ba alhali rumbunsa cike yake, ba a kiransa mai tawali'u, domin ya yi ƙarya, kuma ya danne haƙƙin miskinai.

Haka al'amarin ilmi da baiwa yake. Wannan ƙasa mai tsohuwar alaƙa da Barno ta gaji karatun tsangaya. Gwanin da ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka daga farko har ƙarshe, shekarun da ya yi yana wanke allo a gaban wutar kiskali gaskiya ne. Idan ya ce shi bai iya komai ba, ya ƙi zama ya yi wa ɗalibai darasu, ya hana zakkar abin da aka ba shi. Matar da Allah Ya ba ta karatu, ta ƙi tara matan unguwa don kada a ce ta cika nuna kai, ita ma haka. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta yi wannan kunya ba lokacin da ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna kai ilmi ƙauyuka. Yaba kyauta tukwici, kuma ba a yaba kyautar da aka musanta samunta.

Saboda haka wanda aka yaba ya yi wa kansa tambaya uku. Abin da aka faɗa gaskiya ne? Idan ba gaskiya ba ne, ya gyara da bakinsa cikin ladabi, tun yana raye, kamar yadda Shehu ya yi. Idan gaskiya ne, daga ina ya zo? Ya ce Alhamdu lillahi, ya ambaci iyaye da malamai da duk wanda aka bi ta hannunsa. Sannan mene ne zakkarsa? Ya nemi inda zai yi hidima da shi.

HAƘƘIN DA KE KAN MURIDAI

Muridai ma suna da nasu kason. Girmama shehi ladabi ne na ɗariƙa wanda babu tafiya sai da shi, amma ƙaga masa karama cin amanarsa ne. Waliyyai ba ma'asumai ba ne, isma ta Annabawa ce. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik (R.A) tambayoyi arba'in da takwas, ya amsa talatin da biyu daga cikinsu da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage shi da komai ba a wurin mutanen Madina. Muridin da ba zai iya jure jin haka daga bakin malaminsa ba, yana tura malamin ne zuwa ga ƙarya. Kuma duk labarin da aka ƙara wa gishiri makami ne ake miƙa wa masu sukar ɗariƙa.

Yabon da ke amfanar malami shi ne wanda ya ambaci aikin da kowa ya gani: ya karantar da Ahalari da Ishmawi da Risala shekara da shekaru bai gaji ba, ya sasanta manomi da makiyayi, ya riƙe marayu. Irin wannan yabo mai shi zai iya karɓarsa ba tare da kunya ba, na baya kuma za su iya koyi da shi. Tashi sama ba a koyi da shi, amma haƙuri da karantarwa kowa zai iya gwadawa.

KAMMALAWA

Bawan Allah na gaskiya yana tsayawa daidai inda Ubangijinsa Ya ajiye shi. Ba ya hawa matakin da ba a ba shi ba don mutane sun tura shi, ba ya kuma sauka daga wanda aka ba shi don tsoron bakinsu. A cikin wannan taro akwai matasan da Allah Ya ba su karatu, zawiyoyi da makarantun garuruwansu suna jiransu. Su karɓi abin da aka ba su da hannu biyu, su gode, su fara aiki. Akwai kuma dattawan da aka ɗora wa abin da suka san ba nasu ba ne. Su sauke shi a gaban jama'a, za su ji sauƙi, kuma girmansu ba zai ragu ba.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u, da dukkan shehunai da malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya tsare zukata daga jiji da kai da butulci. Allah Ya taimaki Mai Martaba Sarkin Gumel da hakimansa, Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar da Jihar Jigawa da Nijeriya da maƙwabciyarta Nijar lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya maimaita mana.

Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa ala alihi wa sahbihi wa sallam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.